Yadda Haris Ya Shayar da Kwarin Aduwa

Kwarin Aduwa ƙauye ne a kan hanyar da ta tashi daga Belbeji ta nufi Tanut, kuma duk wanda ya san shi, saboda foraj ɗinsa, wato rijiyar burtsatse, ya san shi. Foraj ne babba mai aiki da hasken rana, ga shato dogo na tara ruwa, ga komaye jere na shayar da dabbobi. Da can in bazara ta yi, ba a wuni ba a yi faɗa a kan wanda zai fara shayarwa ba. Da abin ya ishi kowa, makiyaya suka zauna suka yi yarjejeniya, wani kamfani daga Yamai ya zo ya rubuta ta a cikin na'urar da ke buɗe famfunan. Kowane gida aka ba shi kati. In layinka ya zo, ka ɗora katinka a kan akwatin na'ura, famfo ya buɗe, in lokacinka ya cika ya rufe kansa. Masu kamfanin suka ce yarjejeniya ce mai zartar da kanta: ba ta san sarki ba, ba ta san suruki ba, kuma tun da aka kulle ta babu mai iya canza mata ko wasali.

Aka zauna lafiya har bazarar bana, da wata rana famfo biyu suka buɗe tare, shanun wani suka sha a layin raƙuman wani, aka kusa zare sanduna. Ba wanda ya san dalili. Kwamitin foraj ya ce lalle a nemi ɗan gari mai ilimin zamani wanda zai riƙa kula da na'urar.

Maganar ba ta kai ƙasa ba Haris ya cafe. Haris a hannun gwaggonsa Hadijatu mai fura ya tashi. Ya je Yamai ya yi wata formasiyo, wato horo na 'yan watanni, a kan ordinata, wadda wasu ke ce wa kwamfuta, ya dawo da jaka a kafaɗa, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da baƙar kwat da yake sawa ko da zafi ya hana kare fita. Tun a tasha ya shaida wa masu ɗaukar kaya cewa daga yau Injiniya ake ce masa. Abin da yake taƙama da shi wata manhaja ce da taubashiyarsa Jamila, 'yar Gwaggo, ta sa masa a ordinata. Ita Jamila a Damagaram take aiki, binciken kuskuren manhajoji ne sana'arta. Sau ɗaya ta nuna masa yadda ake amfani da ita, lokacin yana fama da cinyar kaza, saboda haka rabin bayanin ya shiga kunne, rabi ya bi ƙashi.

Ya gayyato shugaban kwamiti, wani dattijon Buzu mai raƙuma ana ce masa Rissa, ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan Gwaggo.

"Baba Rissa, abin da ya samu foraj ɗinku ba aljani ba ne, ɓaraka ce," in ji Haris. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni kuwa neman tsaga na karanta."

Rissa ya gyara amawalinsa ya ce, "Ta yaya za ka gano ta? Tara mu za ka yi kowa ya ɗora katinsa?"

"Wannan aikin mutanen da ne. Ko shekara za ku yi kuna ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, ba lalle ku faɗa kan ɓarakar ba. Ni manhajata ba ta aika mutum. Wane take aikawa."

"Wane wa?"

"Wane kawai. Ba shi da suna, ba shi da lambar kati, ba a san yawan dabbobinsa ba. Sai ya shiga cikin yarjejeniyar yana tafiya. In ya iso inda aka ce, idan layinka ne bi dama, idan ba naka ba ne bi hagu, sai ya rabu biyu, ɗaya ya bi dama ɗaya ya bi hagu. Gaba in an sake tambaya, kowanne ya sake rabuwa. Babu lungun da ba za su leƙa ba. Wanda ya faɗa rami a cikinsu, sai manhajar ta waiwaya ta tattara duk amsoshin da ya bayar a hanya, ta gaya mini cewa mutum mai kaza da kaza, shi zai karya muku na'ura."

Gwaggo Hadijatu tana daga bayan danga tana kirɓin fura. Ta tsayar da taɓarya ta ce, "To duk waɗannan Wanen a gidana za su sauka? Don ni tuwon mutum biyu na tuƙa."

"Gwaggo, ba sa cin abinci."

"Ashe sun fi ka amfani."

Rissa ya yi dariya har amawali ya zame. Ya zaro wani ɗan kile daga jakar fatar da ke wuyansa, irin wanda ake sokawa a ordinata. A cikinsa kamfani ya bar wa kwamiti kwafin abin da ke cikin na'ura. Ya ce masu kamfanin sun gaya masa ba mai iya karanta shi, don an riga an juya shi zuwa harshen na'ura.

"An niƙe shi ne kamar yadda gero ke zama gari," in ji Haris. "Manhajata daga gari take gane tsabar. Kafin la'asar zan kawo muku ɓaraka a ɗaure."

Da safe ya soka kile, ya saki Wane. Da farko abin gwanin sha'awa. Allo ya nuna Wane biyu, sai huɗu, sai takwas. Haris yana kiran duk mai wucewa ya zo ya ga haihuwa. Kafin hantsi sun shiga dubbai. Kafin azahar lambar ta cika allo har ta fara hawa kan 'yar'uwarta, ordinata ta kama gurnani kamar injin niƙa, ta yi zafin da in ka fasa ƙwai a kai zai soyu.

Haris ya ɗauke ta ya aza a bakin randar Gwaggo. Can Gwaggo ta zo ɗibar ruwan dama fura, ta ji shi ɗumi kamar na wankan jego. Ta ce ko ya sauke 'ya'yansa daga kan randarta ko ta tsoma su ciki. Ya sauke, ya roƙi matan maƙwabta su zo da maficai. Mata uku suka zauna suna yi wa ordinata fifita suna tambayar ko mace ce ko namiji. Batir ya ƙare, ya aro fano, faifan nan mai tara wutar hasken rana, na gidan gabas. Shi ma bai isa ba, ya aro na gidan yamma, sai unguwa ta wuni babu mai cajin salula.

Da ya ga zafin bai sauka ba, ya rungume ta ya ruga kantin Mailafiya, wanda shi kaɗai ke da firigo mai sanyaya kaya a ƙauyen.

"Yaya Mailafiya, buɗe mini, aikin al'umma ne."

"Firigo ne fa, ba asibiti ba."

"In na zama mai kula da foraj, zan tuna waɗanda suka taimaki ilimi."

Mailafiya ya matsar da robobin zoɓo da yawurt, aka kwantar da ordinata a tsakiyarsu. Amma Haris ba ya iya haƙuri. Da an rufe sai ya buɗe ya ga ko an samu ɓaraka. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya kira mutane su ma su leƙa. Kafin la'asar ƙanƙara ta narke, yawurt ya kumbura, zoɓo ya koma kamar shayi. Mailafiya ya fito da ordinata tana ɗigar jan ruwa ya ɗora masa a cinya.

Zuwa wannan lokaci labari ya zagaye gari cewa ɗan gidan Hadijatu yana kiwon aljanu a akwati, kuma sun hayayyafa har ya kai su firigo don kada su lalace. Tsofaffi suka daina bi ta ƙofar gidan. Wata mata ta aiko a tambaya ko Wane yana duba aure.

Dole ta sa ya kira Jamila.

"Bawana, me ka ɓata?" in ji ta tun kafin ya yi sallama.

"Ni ne bawanki? Gaisuwa na kira. Sai dai Wane ya ɗan yi yawa."

"Ka sa masa iyaka?"

"Wace iyaka?"

"Haris, in ka sake shi ba linzami, duk inda hanya ta zagayo ta dawo, haihuwa zai yi ta yi har ordinata ta ƙone. Ka ƙayyade masa zagaye, ka gaya masa inda zai tsaya."

"Na sani, gwada ki nake na ji ko kina tune."

Ya sa iyaka a kan zagaye, amma ya manta bai gaya wa manhajar iyakar dabbobin da ɗan'adam ke iya mallaka ba. Washegari ta fitar da sakamako. Haris ya duba, idanunsa suka fito. Ya zura kwat ya yi foraj da gudu, ya hau bakin komi a gaban makiyayan da ke jiran layi.

"Jama'a, na gano haɗarin da ke tafe. Duk ranar da wani mutum ya zo nan da raƙuma miliyar huɗu, wato miliyan dubu huɗu da ɗoriya, lissafin na'ura zai cika ya juye ya koma babu, sai ta ɗauka bai zo da komai ba."

Wani jaki ya yi atishawa.

Rissa ya ce, "Ɗana, mai raƙuman nan, ta gabas zai ɓullo ko ta arewa? Don mu share masa hanya."

"Ilimi bai faɗi ta ina ba."

"In na farkonsu yana shan ruwa a nan, na ƙarshen yana ina?"

"Ƙila Agadas."

"Ai ko Makka bai iso ba," in ji wani daga baya. Wani ya ce in mutumin yana da 'ya a taimaka masa da adireshi. Aka yi ta dariya har masu shanu suka manta layinsu. Tun daga ranar, duk wanda aka tambaya yaushe zai yi abin da ba shi da niyya, sai ya ce sai mai raƙuman Haris ya zo.

Haris ya koma gida yana cewa jahilci ya fi hauka wuyar magani. Ya gyara, ya gaya wa manhajar cewa ba mai garken da ya wuce hankali, ya sake sakin Wane. Wannan karon ba a daɗe ba wani Wane ya faɗa rami, allo ya yi ja. Layin farko ya nuna lambar kati. Haris bai tsaya karanta sauran ba. Ya je ya tambayi Rissa mai wannan lamba, aka ce ta Inna Dado ce.

Dado Bafillatana ce mai shanu da yawa da baki fiye da shanun. Kullum tana zaune a gindin aduwa kusa da foraj tana sayar da nono. Haris ya tsaya a kanta ya cire tabarau a hankali, kamar yadda ya ga manyan ma'aikata na yi.

"Inna Dado, gara ki faɗi gaskiya tun muna mu biyu. Na'ura ta ambaci lambarki."

"Ta ce me?"

"Ta ce ke ce ɓaraka."

Dado ta ajiye ludayi. "Ni? Ni da na yi maka goyo ranar da gwaggonka ta je awo Belbeji, ka jiƙa mini zane tun daga wuya har ƙugu? A cikinmu wa ke da ɓaraka?"

"Inna, wannan maganar ba ta cikin bincike."

"To ga wanda ke ciki."

Ta ɗaga ƙwaryar kindirmo ta kife masa a ka. Ƙwaryar ta zauna daram kamar don shi aka fafe ta. Ya juya zai gudu bai ga gabansa ba, ya yi karo da ɗan maraƙi, maraƙin ya bi shi yana lasar kwat har ƙofar gida. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya tsaya nan kada ya motsa, bari ta kawo fura a dama, kada nonon ya tafi a banza.

Bayan ya yi wanka ya zauna ya karanta sauran sakamakon. Ashe ga abin da ya ce: in mutum ya ɗora kati, na'ura tana fara buɗe famfo ne kafin ta rubuta cewa layinsa ya soma. In ya ɗage ya sake ɗorawa da sauri kafin ta rubuta, sai ta ɗauka sabon zuwa ne, ta buɗe famfo na gaba. In ya ci gaba, ta ci gaba. Ya hau kan turmi inda rezo, wato sabis ɗin salula, ya fi kamawa, ya kira Jamila ya karanta mata.

Ta ce, "Haris, wannan ta gaske ce. Wallahi ka samo ɓaraka ta gaske. Shi ya sa famfo biyu suka buɗe rannan, wani ne hannunsa ya yi rawa. Lambar katin kuwa misali ce kawai manhajar ta ɗauko, kowane kati zai yi. Ina fata ba ka je ka tuhumi mai lambar ba."

"Ni? Ina da hankali fa."

"To saurara da kyau. Ka gaya wa kwamiti su kira kamfani. Kada ka gwada a kan na'urar gaske."

Daidai nan rezo ya yi abin da ya saba. Ya haɗiye "kada", ya miƙo masa sauran, sannan ya yanke gaba ɗaya. Haris ya sauko daga turmi yana murmushi. Har Jamila ta ce ya gwada a kan na'urar gaske. Dama abin da ke ransa ke nan.

Aka yi sa'a, ko rashinta, ranar kasuwar ƙauyen, mutanen furoje, wato ƙungiyar agajin da ta gina foraj, za su zo daga Tanut su ga yadda yake tafiya. Haris ya roƙi Rissa a ba shi dama ya yi bayani a gaban baƙi. Rissa ya ce ya yarda, amma kada a sake maganar raƙuma.

Ranar aka kafa rumfa a gangaren da ke ƙasan komaye, saboda nan ne inuwa ta fi. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru, aka ajiye faranti na shinkafa da gasasshen rago. Baƙi biyu ne, wani Mushe mai farin takalmi da wata Madam mai laima. An tsayar da dabbobi can nesa sai an gama taro, garke-garke, raƙuma da shanu da jakuna da tumaki, dukansu da ƙishin kwana a wuyansu. Shato kuwa cike yake fal.

Haris ya ajiye ordinata a kan tebur a bakin rumfa, ya yi bayanin Wane tun daga haihuwarsa har jikokinsa. Ya ce a duk Damargu, daga Falanko har Ollelewa, babu wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, kuma a Yamai ma ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya a bar saura. Madam ta gyaɗa kai, Mushe ya ce abin da ban sha'awa, za su kai rahoto ga kamfani.

"Rahoto na masu shakka ne," in ji Haris. "Ni gani zan nuna muku. Baba Rissa, ara mini katinka."

Ya je gaban akwatin na'ura, ya naɗe hannun kwat. Ya ɗora kati, ya ɗage, ya ɗora, ya ɗage, hannunsa na rawa kamar na makaɗin kalangu. Famfo na farko ya buɗe, na biyu ya bi shi, na uku, har na ƙarshe, duk suka kama feshi tare. Mutane suka yi tafi. Mushe ya miƙe tsaye yana ɗaukar hoto. Haris ya juyo ya buɗe hannuwa kamar ɗan kokawa da ya yi kaye.

"Kun gani? Da baki na faɗa, da hannu na nuna."

"Mun gani, ɗana, Allah ya yi albarka," in ji Rissa. "To rufe."

Haris ya sake ɗora kati. Ba abin da ya faru. Ya juya shi ta baya, ya goga a kwat, ya hura masa iska. Famfuna suka ci gaba da aikinsu. Na'urar ba ta rubuta cewa layin kowa ya soma ba, saboda haka a wurinta babu layin da zai ƙare.

"Rufe mana," in ji Mailafiya.

"Wannan reshen hanyar ban aika Wane cikinsa ba tukuna."

"To aika shi."

"Zai ɗan ɗauki lokaci. Firigonka na aiki?"

Komaye suka cika suka tumbatsa. Ruwa ya gangaro ya nufi inda ƙasa ta fi kwari, wato rumfar baƙi. Ya ɗaga tabarmi, ya wuce da takalman da aka cire, ya shiga ƙarƙashin kujeru. Farin takalmin Mushe ya koma launin kunun kanwa. Madam ta hau kujera da laimarta a buɗe, kamar daga sama ruwan ke zuwa.

Sai iska ta kai wa dabbobi ƙanshin ruwa. Wani amalen Rissa ne ya fara fizge igiya, sauran suka biyo. Shanun Dado suka zo a guje, jakuna na kuka, tumaki na bi ta ƙarƙashin cikin kowa. Yarjejeniyar da aka sha wuya kafin a ƙulla ta watse a cikin ƙiftawar ido, raƙumi na sha da akuya, sa na sha da jaki, makiyaya na bin su da sanduna kowa na kiran tasa da sunanta. Wata saniya ta sa kai cikin farantin shinkafa. Wani jaki ya goga gindi a tebur, ordinata ta zame ta faɗa ruwa, taguwa ta zo ta ɗora mata ƙafa ɗaya cikin natsuwa ta ci gaba da sha.

Haris ya cire kwat ya cusa a bakin famfo na farko, ruwa ya tofo ta ya manna masa a fuska. Ya cusa hula a na biyu, hula ta tafi ba sallama. Sai ya tuna akwai babban famfon da ke tsayar da ruwa gaba ɗaya, can sama a wuyan shato inda aka sa shi don kada a riƙa wasa da shi.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa, Injiniya na nan," ya ce, ya kama tsani ya hau.

A sama ya sami mariƙin famfon. Ya tsaya yana tunanin dama ake juyawa ko hagu. Daga ƙasa rabin mutane na cewa dama, rabi na cewa hagu. Ya juya hagu, ruwa ya ƙara ƙarfi har ya ture Mailafiya ya zaunar da shi a komi. Ya juya dama da dukkan ƙarfinsa, ya ƙara, ya sa ƙafa ya danna. Mariƙin ya ɓalle ya biyo hannunsa. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa jama'a, kamar akwai wanda ya tambaya.

Amalen Rissa ya sha ya ƙoshi, wuyansa ya kama ƙaiƙayi. Ya duba bai ga abin sosawa da ya fi tsani ba. Ya sosa sau ɗaya, tsani ya karkata, ya sake, tsani ya kwanta a cikin taɓo.

Haka aka bar Haris a kan shato, daga shi sai singileti da mariƙi, har ruwan ya ƙare ƙaf, famfuna suka yi tari suka yi shiru. Aka tsamo Mushe, aka sauko da Madam, aka raka su mota ana ba su haƙuri. Dado ta zo ta tsaya a gindin shato ta ɗaga kai.

"Injiniya, na'ura ta faɗi lambar wa yanzu?"

"Inna, a miƙo tsani mu yi magana a ƙasa."

"Ai daga nan ma ina jin ka sarai."

Ba a miƙa tsani ba sai da garkunan da ke zuwa daga nesa suka iso da yamma suka tarar da komaye babu ko ɗigo, sai taɓo da sawun kofato. Nan dariya ta ragu, don akwai 'yan maruƙa da ba za su kai gobe da ƙishi ba. Rissa ya sa aka buɗe tsohuwar rijiyar da aka daina amfani da ita, aka kawo guga da igiya, aka sauko da Haris aka damƙa masa. Ya ja ruwa har tafin hannunsa ya yi ƙuraje, makiyaya na tsaye a kansa, kowanne na tuna masa cewa layinsa ne.

Jamila ta zo daga Damagaram tare da mutumin kamfani. Suka kashe na'ura, suka sa sabon mariƙi. Ta gaya wa kwamiti gaskiya, cewa ɓarakar da Haris ya gano ta gaske ce, kuma da wani mugu ne ya riga shi ganowa da ya daɗe yana shan ruwan kowa. Sai dai tun da yarjejeniyar ba ta canzuwa, dole a rubuta sabuwa, a sake zama a sake tsara layi. Ba ta rufe baki ba masu raƙuma suka ce wannan karon su ne farko, masu shanu suka ce sai dai bayan ransu. Faɗan da aka binne ya tashi da ƙafafunsa.

Daga duk jawabin Jamila, Haris kalma uku ya ji: ta gaske ce. Aikin kula da foraj bai samu ba, ordinata ta zama faifai, amma da hannunsa ya warke sai ya ari babur ya ce zai je Falanko, ya ji su ma suna da foraj mai kati, kuma ba daidai ba ne ya hana su iliminsa.

Bai san hoton da Mushe ya ɗauka da waɗanda 'yan kasuwa suka ɗauka yana kan shato sun riga shi zagaye Damargu a salula ba. Tun daga nesa mutanen Falanko suka gane shi. Dattawa suka fito bayan gari suka tare shi da fara'a, suka zaunar da shi a inuwa, suka ba shi fura mai sanyi. Duk lokacin da ya ce a kai shi ya ga foraj, sai a ƙaro masa fura. Da ya ƙoshi, samari masu babura suka sa shi a tsakiya, biyu gaba biyu baya, suka zagaya da shi ta bayan gonaki nesa da shato, ba su rabu da shi ba sai da suka ɗora shi a kan hanyar gida suka tsaya suna kallo har ya ɓace.

Ya iso gida yana walƙiya. Gwaggo na tankaɗe a tsakar gida.

"Gwaggo, annabi ba ya daraja a garinsu. Kin san har bayan gari mutanen Falanko suka fito tarbata? Dattawa fa. Da zan taho kuma rakiya aka yi mini da babura, gaba da baya."

"Foraj ɗin nasu fa, ka gan shi?"

"Ba su bari na wahala ba. Sun ce mutum irina ko kusa da shi bai kamata ya je ba."

Gwaggo ta kaɗa rariya ta ce, "Mutanen Falanko akwai sanin darajar ruwa."